Kwaɗo, rodi, fitila ko kyamara: wanne za ka fara saya wa gidanka a Garwa?

Kwaɗon da na saya sefa 12,000 bai ci amanata ba. Da safe na same shi kwance a cikin taɓo a bakin ƙofar ɗakin ajiya, a kulle yadda na bar shi, yana riƙe da maratayinsa, ƙusoshi huɗu suna reto da guntayen katako a jikinsu. An yi ruwa daren, irin na watan Agusta da ke dukan kwano har ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai. Wanda ya shigo bai ko taɓa kwaɗon ba. Ƙarfe ya zura a bayan maratayin ya ɓanɓare, ya kwashe janareta da keken ɗinkin uwargida, ya fita ta inda ya shigo.

Da na kai wa mai waldar unguwarmu labari, sai ya juya kwaɗon a hannunsa ya ce, "Alhaji, kaya mai kyau ka saya. Amma kwaɗo ka saya, ba ka sayi ƙofa ba." Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni cewa kada ya fara da shago. Ya fara zagaya gidansa da idon ɓarawo, ya nemo inda ya fi rauni, kuɗinsa na farko ya tafi can. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu fara da ƙofa, don nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Zaɓi uku ne a gabanka: ta katako, ta ƙarfe da ake shigowa da ita a haɗe daga waje, ko wadda mai walda zai ƙera maka. Ta katako a bar ta ga ɗakunan ciki. Zafin Maris da Afrilu yana busar da ita ta tsattsage, damina ta kumbura ta, gara kuma na jiranta.

Waɗanda ake shigowa da su suna da kyan gani, da fenti mai sheƙi da sakatu da yawa masu fita lokaci guda. Akwai nagari a cikinsu, amma masu araha da suka cika kasuwa fallen ƙarfensu siriri ne, cikinsu kuma kwali. Ka danna tsakiyar ƙyauren da babban yatsa, ka ƙwanƙwasa ka saurara. In ta lotsa ko ta yi amon gwangwani, ado ce. Sannan ka tambayi mai shago, in makullinta ya lalace, a ina za a samo irinsa? In ya fara kame-kame, ka san ranar da ya lalace sai an fasa.

Ni ta mai walda na zaɓa, amma da sharaɗi. Ka faɗi kaurin fallen da kake so tun kafin a yi ciniki. Masu sayar da ƙarfe a nan suna kiransa da lamba, 10/10 ko 15/10 ko 20/10, wato milimita 1, 1.5 ko 2. Ƙofar waje kada ta gaza 15/10. Ka je ka gan ta kafin a shafa fenti, domin fenti da makwabin da ake cike rami da shi suna rufe waldar da aka ɗiɗɗiga kawai ba a ja ta ba. Firam ɗin ya zo da ƙafafu aƙalla uku a kowane gefe, a binne su cikin kankare, ba a dogara da yaɓen siminti ba. Hinji ya kasance ta ciki. In dole sai ta waje, a walde kansa yadda ba za a bugo sandarsa a zare ba. Abu na ƙarshe, wanda bai kai kuɗin kwaɗon kansa ba: a yi wa kwaɗon ɗan akwatin ƙarfe da zai lulluɓe shi, a bar wurin da hannu da mabuɗi kawai za su shiga ta ƙasa. Almakashin ƙarfe ba shi da inda zai kama, guduma ba ta da inda za ta sauka.

Yanzu kwaɗon. Nauyi ba hujja ba ne, akwai masu nauyi da jikinsu narkakken ƙarfe ne mai fashewa da bugu biyu. Wuyan ake dubawa. Wanda aka ƙona ya yi tauri, in ka goga masa magagari sai ya zame bai ci ba. Na bogi kuwa nan take za ka ga tabo. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana ka gwadawa a gefe ba. Gwaji na biyu ya fi ban dariya: ka ɗauki mabuɗin wani kwaɗo daga kwalin ka sa a naka. Na taɓa buɗe uku da mabuɗi ɗaya a babbar kasuwa, yaron shagon yana kallona yana murmushi. Tsakanin mai dogon wuya da mai gajere, ɗauki gajere. Mai zagaye kamar faifai, wanda wuyansa kaɗan ne ke leƙowa, ya fi su duka wuyar yankewa. Sunaye irin su Abus na Jamus, Vachette na Faransa da Yale sanannu ne, saninsu kuma shi ya sa ake buga su a jikin jabu. In farashin ya yi daɗi fiye da kima, araha ba ta ado.

Ƙurar hunturu tana cika makulli har ya ƙi juyawa. Kada ka ɗura masa baƙin mai ko man gyaɗa, ƙurar za ta manne ta zama laka. Ka kankare bakin fensir ka goga a mabuɗin, ya wadatar.

In makullin cikin ƙyaure ne, mai silinda (wato ɓangaren da mabuɗi ke shiga), ka duba kada kan silindar ya fito waje fiye da milimita 3. Wanda ya fito sosai ana kama shi da filaya a karya shi ta tsakiya. In kuma gidan haya ka shiga, ka canza silindar ranar farko. Ba ka san hannu nawa mabuɗin ya bi ba.

Taga ba ta da dogon lissafi. Rodi mai lamba 12, wato kaurin milimita 12, shi ne mafi ƙaranci, 14 ko 16 ya fi ga tagar da ke kallon lungu. Tazarar sanduna kada ta wuce santimita 12, don manya ba su ke shiga ba, yaro ake zurawa ya buɗe. A ratsa su da wasu a kwance, a binne bakinsu cikin bango. Wanda aka manna a kan firam da ƙusa, tare da firam ɗin ake cire shi. Sai dai akwai abin da masu walda ba sa faɗa sai ka tambaya. Gidaje da yawa a nan ana ajiye zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu, a jarka, ga tukunyar gas, ga wayoyin wuta da zafi ya cinye. Gidan da aka ɗaure ko'ina da ƙarfe, ranar gobara kurkuku ne. A kowane ɗakin kwana a bar taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa ta ciki, mabuɗin yana rataye inda hannun na waje ba zai kai ba amma kowa a ɗakin ya san wurin.

Rufi mutane ke mantawa. Kwano ƙusa ce ke riƙe da shi, silin kuma falle ne da ƙafa ke fasawa. Ba kowa ke da ƙarfin zuba rufin kankare ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka zaɓi ɗaki ɗaya, wanda kaya masu daraja ke ciki, a shimfiɗa ragar rodi tsakanin kwano da silin, a kama ta da bango.

A kan katanga, fasassun kwalabe sun fi araha, amma tsohon bargo ko buhu ya gama da su. Waya mai reza ta fi su nesa ba kusa ba, in an ja ta da kyau a kan ƙarafan da aka binne. Waya mai lantarki sai gidan da ke da batir da sola tsayayyu. Mafi yawan wutarmu daga madatsar Lagdo take zuwa, kuma kowa ya san yadda ake ciki idan ruwa ya ja baya da rani. Kafin ma ka sayi ko ɗaya, ka dubi darbejiyar da ke jingine da katangarka da tulin bulon da ka ajiye a gindinta. Sare reshe ɗaya ba ya cin ko dala.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, fitila ko kyamara? In kuɗin na abu ɗaya ne, fitila. Kyamara tana nuna maka abin da ya riga ya faru, sau da yawa mutum ne da rawani ya rufe fuska. Fitilar sola mai kamawa idan ta ji motsi tana sa shi ya canza shawara tun yana kan katanga. Wajen saye kada lambar wat da aka buga a kwali ta ruɗe ka, ana rubuta abin da aka ga dama. Girman faranti da nauyin batir za ka duba. Wadda farantinta ke rabe da fitilar, da waya a tsakani, ta fi wadda aka haɗe su wuri ɗaya, domin za ka iya sa farantin a rana ka ɓoye batir a inuwa. Zafin da ke haura digiri 40 shi ke kashe batir da wuri. A ɗaga ta inda sanda ba ta kaiwa, kuma da hunturu a riƙa goge farantin.

In ka kai ga kyamara, akwai mai waya da ke tara hoto a na'ura cikin gida, akwai mai katin SIM da ke turo maka a waya. Ta farko hotonta ya fi tsabta kuma ba ta cin kuɗin data, amma tana mutuwa da ɗaukewar wuta in babu batir, kuma ɓarawon da ya san aikinsa da na'urar yake tafiya. Ta biyu ta fi dacewa da ɗan kasuwar da ke yawan tafiya Ngawundare ko Kusiri, in dai layin Orange ko MTN yana kamawa sosai a unguwarsa kuma ba zai manta da sa mata data ba. Kowace ka saya, ka canza lambar sirrin da ta zo da ita, kada ka bar wa wanda ya haɗa maka. Kuma a juya ta ga ƙofa da katanga. Tsakar gida wurin iyali ne, ba wanda zai so hoton matansa yana yawo a wayar wani.

Mai gadi ya fi duk waɗannan tsada, tunda shi kowane wata ne. Na kamfani, ka nemi ganin takardar izininsu, domin tun 1997 akwai dokar da ta tsara aikin kamfanonin gadi a Kamaru. Wanda ka ɗauka da kanka, ka san garinsu, ka san wanda ya tsaya masa, ka ajiye kwafin katinsa. Kuma ka biya shi a kan lokaci. Mutumin da ya san lokacin fitarka da na dawowarka bai kamata ya kwana da yunwa a ƙofarka ba. Abin da ya fi mana amfani a layinmu shi ne karo-karo: gida goma sha ɗaya muka haɗu da sanin jauro, wato mai unguwa, muka ɗauki mutum biyu, muka saya musu tocila da usur. Kare kuma, malamai da dama sun yi sassauci a kan na gadi, amma ana jefa masa nama mai guba. Wani maƙwabcinmu zabi yake kiwo, ya ce ba a taɓa ba su cin hanci sun yi shiru ba.

Saura abin da ake shigowa dominsa. Ƙaramin akwatin ƙarfe mai lambobi, irin na otal, in ba a ɗaure shi da noti a kankare ba, ka tara wa ɓarawo kayanka ne wuri ɗaya ka sa masa mariƙi. Na ƙwarai yana ɗauke da shaidar gwaji ta Turai, EN 14450 ga ƙananan na gida, EN 1143-1 ga manya. Ko shi ma, wanda ya girka maka ya sani, yaransa sun sani, da ɗan gari kuma akan ci gari. Kuɗin ciniki gara su kwana a banki ko a waya. Gwal ɗin mata kada ya zauna a cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa, nan ake fara dubawa.

Babur shi ne ya fi saurin ɓacewa, ga iyakar Najeriya da ta Cadi ba nisa. Makullin wuya da ya zo da shi ana karya shi da murɗa ɗaya. Ka sa a binne zoben ƙarfe a daɓen inda yake kwana, ka ratsa sarƙa mai kauri ta jikin firam ɗinsa, ba ta taya ba. Na'urar bin sawu mai SIM tana taimakawa in an ɓoye ta da kyau, amma in ta nuna maka wuri kada ka tafi kai kaɗai. Lambar 'yan sanda 117 ce, ta jandarma 113, ta masu kashe gobara 118.

Ranar da na je kai rahoton janaretana, tambayar farko da aka yi mini ita ce lambar jikinsa. Ban sani ba. Rasit fa? Ya bi iska tun shekarar da na saya. Ko an kama shi a kasuwa, da me zan ce nawa ne? Yanzu akwai littafi ɗaya da na rubuta lambar injin babur da ta firam ɗinsa, lambar talabijin, da ta kowace waya a gidan, wadda ke fitowa in ka danna *#06#. Takardar fili da ta babur da takardun haihuwar yara duk na ɗauke su hoto na tura wa ƙanena a Marwa, littafin kuma yana gidan Hajiyarmu, a cikin akwatin da take ajiye turare.