Jaririn da bai kai kilo 2.5 ba: sikanin, lissafin al'ada ko Ballard?

'Yar'uwa kin tambaya in aka haifi jariri ƙarami wace hanya ta fi dacewa a gane satin da ya yi a ciki. To nauyi dai cire shi a lissafi, don ƙanƙanta iri biyu ce, akwai bakwaini da ya zo kafin sati 37, akwai kuma wanda watanninsa sun cika amma bai samu girma a ciki ba, kuma kulawarsu ba ɗaya ba ce.

Sikanin farkon ciki shi ne a gaba, wanda aka yi kafin sati 14, kuskurensa bai cika wuce kwana 5 zuwa 7 ba. Amma fa in sai a watannin ƙarshe aka yi yana iya kaucewa har da sati 3, kuma tunda girman jiki na'urar take aunawa, yaron da bai girma ba rage masa kwanaki za ta yi.

Lissafin al'ada yana aiki in mace ta riƙe ranar da jinin al'adarta na ƙarshe ya fara kuma jininta na zuwa kan lokaci. Mai shayarwa da ta ɗau ciki ba ta ga jini ba kam babu ranar da za a kama.

Sai na bayan haihuwa, wato Dubowitz da Ballard, hanyoyi ne na duba jikin jariri a ba shi maki, jimillar makin ta nuna satinsa. Dubowitz na 1970 alamomi 21 yake dubawa, Ballard na 1979 ya rage su zuwa 12, shida na jiki irin su fata, kunne da zanen tafin ƙafa, shida na ƙarfin tsoka da lanƙwasar gaɓoɓi, aka sabunta shi a 1991 saboda ƙananan bakwaini. Dubowitz ya fi kusantar daidai sai dai cin lokaci, ga wahalar da jariri mara lafiya. Abin da ke damuna da Ballard shi ne a kan ƙananan yaran nan ya fi kuskure, bakwaini yakan ƙara masa sati, wanda bai girma a ciki ba yakan rage masa, kuma yaron da jikinsa ya saki saboda ciwo makinsa faɗuwa yake. Kaucewar sati 2 zuwa sama ba abin mamaki ba ne.

Don haka in akwai sikanin farko a katin awo shi za ki riƙe ko da Ballard ya saɓa masa. In babu komai sai Ballard, ya ce sati 37 amma yaron bai iya tsotso sosai ba, don Allah a kula da shi kamar bakwaini, a ɗumama shi a ƙirjin uwa, a riƙa duba sukarin jininsa.