Sharhi a kan hotunan HLS bayan damina biyu ina aiki da su

Damina biyu ke nan ina amfani da hotunan HLS wajen bibiyar gonakin shinkafa a fadamar Haɗeja zuwa Nguru. Tsari ne na hukumar NASA ta Amurka da yake haɗa hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat 8 da 9 da na Sentinel-2 na Turai, ya daidaita su har su zama tamkar ido ɗaya ne ya ɗauke su, kuma kyauta ake saukewa.

Kafin in same shi na sha wahala, domin na'urorin ba sa auna haske daidai wa daida. Gona ɗaya a mako ɗaya sai ta ba ni awon koren ganyen shuka iri biyu, in rasa ko shinkafar ce ta canza ko na'urar, kamar wanda ake auna wa hatsi da tiya biyu da ba su kai juna ba. Masu tsarin sun ɗauki na'urar Landsat 8, wadda aka harba a 2013, a matsayin ma'auni, suka gyara awon Sentinel-2 ya bi nata, sannan suka rage tasirin sararin sama da bambancin kusurwar da kowane tauraro yake kallon ƙasa. Ya burge ni da na gano cewa cikin wuraren da ake gwada ingancin irin waɗannan na'urori akwai rairayin Sahara a Libiya da Nijar, saboda haskensu ba ya canzawa sosai shekara da shekaru.

Amfanin ya fi bayyana a watan Agusta. Tauraron Landsat ɗaya sai bayan kwana 16 yake dawowa, idan hadari ya rufe ranar an yi asarar rabin wata. Da aka haɗa su, hoto yana zuwa kusan duk kwana biyu ko uku, har na iya ganin makon da ambaliya ta shiga wata gona da makon da ta janye.

Abin da zan ja hankalin mai sha'awa a kai shi ne, kowane ɗigon hoton HLS yana wakiltar fili mai faɗin mita 30 ne a ƙasa, alhali Sentinel-2 shi kaɗai yana kaiwa mita 10. Ƙaramar gonar albasa a bakin kogi takan gauraye da ta maƙwabci, don haka a irin wannan aiki nakan koma ga Sentinel-2, in bar HLS ga manyan fadamu.