Hedfon mai kashe ƙara: tafiya huɗu a jirgin sama da shi a kunnena

Ni tsoron jirgi ba ya jira sai na isa filin jirgi. Tun ana jibi tafiya barci yake ƙaurace mini. Da an rufe ƙofa, injin ya fara gurnani, sai tafin hannuna ya jiƙe sharkaf. Duk ƙarar da na ji sai na yi mata fassara, kuma fassarar ba ta taɓa zama ta alheri ba. Ƙanwata ce ta gaji da ƙorafina, ta ce, "Yaya, kunnenka ne yake ja maka. Toshe shi ka gani." Da haka na sayi hedfon mai kashe ƙara, babban nan da yake rufe kunne ruf. Yanzu na yi tafiya huɗu da shi, biyu gajeru, biyu kuma na wajen awa bakwai, don haka ina ganin na isa in ce wani abu a kansa.

Ba toshe kunne kawai yake yi ba kamar auduga. Akwai ƙananan makirufo a jikinsa da ke sauraron ƙarar waje, sai ya ƙirƙiri wani sauti kishiyarta ya aika cikin kunne, su haɗu su kashe juna. Dabarar ta tsufa. Wani Bajamushe, Paul Lueg, ya samu rajistar haƙƙinta a Amurka tun 1936, sai dai na'urorin zamanin ba su kai su aiwatar da ita ba. Amar Bose, wani injiniya ɗan Amurka mai kamfanin kayan sauti, ya ɗauko zancen a 1978, yana cikin jirgi daga Turai zuwa Amurka, ƙarar inji ta hana shi jin daɗin abin da yake saurare. Sai a 1989 kamfaninsa ya fitar da na matuƙan jirgi, na fasinjoji kuma a 2000. Ke nan abin a cikin jirgi aka haife shi, kuma a can ya fi nuna kansa.

Ranar farko sai da muka daidaita a sama na danna maɓallin. Wallahi kamar an ja labule tsakanina da injin. Gurnanin nan mai shiga har ƙashi, wanda a cikin jirgin fasinja yakan kai desibel 80 ko kusa da haka a ma'aunin ƙarfin ƙara, ya koma wani huci can nesa. Da farko na ji kamar an ɗan danne mini dodon kunne, amma bayan 'yan mintuna na daina lura. Abin da ya ba ni mamaki kafaɗuna ne. Ashe duk shekarun nan a ɗage nake riƙe da su har a sauka, ban sani ba sai da suka sauko da kansu. Na sauka ba ciwon kai, ba gajiyar nan da nake ɗauka ta zaman kujera ce. A wannan fannin ba ni da abin cewa sai yabo.

To amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Na'urar ta ƙware ne a kan ƙara mai kauri da ke tafiya a salo ɗaya. Ƙarar da ta zo kwatsam ba ta iya tare ta, haka ma muryar mutane da kukan jariri, sai dai ta ɗan rage. Ni kuwa abin da ke tsinka mini zuciya shi ne na kwatsam ɗin. A tafiya ta biyu na saka shi tun kafin mu tashi. Muna barin ƙasa sai na ji "dum" a ƙarƙashin ƙafata, kuma da yake ko'ina shiru ne a kunnena, sai ƙarar ta fito fili fiye da da. Ban gama farfaɗowa ba sai na ji injin ya sassauta, jirgin kamar zai zauna a iska. Hantar cikina ta kaɗa. Na fizge hedfon ɗin na damƙe hannun kujera.

Wani dattijo da ke gefena ya dube ni ya ce, "Ɗana, tayoyi ne suka shige ɗakinsu." Na ce, "Baba, injin fa? Na ji ya rage." Ya ce haka ake yi kullum. Daga baya na bi diddigi na tarar gaskiyarsa ce. Jirgi yana tashi da ƙarfi mai yawa, in ya kai kamar ƙafa 1,000 zuwa 1,500 sai matuƙi ya rage wuta zuwa ta hawa. Jirgin bai daina hawa ba, saurin hawan ne ya ragu, jiki kuma sai ya ɗauka faɗuwa ake. Ƙarar "zuu" da fukafukai suke yi bayan haka, faffaɗan bayansu ne ake janyewa. Ƙararrawar da akan ji a kusan ƙafa 10,000 sau da yawa saƙo ne ga ma'aikata. Har wata ƙara mai kama da haushin kare da ake ji a jiragen Airbus A320 a ƙasa, ashe famfo ne da ke daidaita matsin man haidirolik, wanda ke motsa sassan jirgi, tsakanin layuka biyu. Na sha jin ta ina salati a zuci, ina duban fuskar ma'aikata ko zan ga alamar tashin hankali. Abin da hedfon ya kasa yi mini, bayanin dattijon nan na minti biyu ya yi.

Gargadar iska ita ce ta fi ba ni wuya da shi. Kunne ya yi shiru, sai hankali ya tattara gaba ɗaya a kan jiki, kowane ɗan girgiza ya zama babba. A tafiya ta uku na gano dabara: na ajiye kofin ruwa a kan teburin gabana ina kallonsa. Cikina yana ce mini mun rufta, ruwan kuwa ɗan rawa kawai yake, ko ɗigo bai zuba ba. Na haɗa da jan numfashi ina ƙirga huɗu, in sake shi ina ƙirga shida ko bakwai, domin tsawaita fitar numfashi yana sassauta bugun zuciya. A nan hedfon ya yi rana, don cikin shirun ina jin numfashina sarai. Kujerar da ke saitin fukafukai ta fi ta can baya kwanciya, shi ya sa yanzu nake zaɓarta. Bel kuwa ba na kwance shi ko an kashe alamar, saboda yawancin waɗanda gargada ke ji wa rauni waɗanda ba su ɗaure ba ne.

Akwai ƙananan abubuwa da mai saye ya kamata ya sani. Bayan awa uku kunne yana yin gumi. Mai tabarau, hannun tabaraun yana ɗaga soson, ƙara ta samu hanya. Ba a iya kwantar da kai gefe da shi. Talabijin ɗin kujera a jirage da yawa ba ya karɓar Bluetooth, sai da waya, wasu ma rami biyu gare su, sai da ɗan mahaɗi. Ciwon kunne lokacin sauka kuma babu ruwansa da shi, wannan matsin iska ne, maganinsa haɗiyar yawu da hamma. Batirin dai bai taɓa ba ni kunya ba, caji ɗaya ya kai ni ya dawo da ni.

Kuskure ɗaya na yi da ba zan maimaita ba. Ina zaune a ɗakin jira, na saka shi ina jin daɗin shiru, ashe an sauya ƙofar shiga an yi ta sanarwa. Ɗagowar da zan yi sai na ga kujeru wayam. Gudun da na yi da jaka a kafaɗa ranar, ni kaɗai na san shi. Mai tsoron kada jirgi ya tafi ya bar shi, wannan na'ura ba ta rage masa komai, ƙara masa za ta yi in bai kunna yanayin da ke shigo da sautin waje ba.

A tafiya ta huɗu ban saka shi da wuri ba. Na rataye shi a wuya, na saurari bayanin ma'aikata, sannan na zauna ina ƙirga ƙararrakin ɗaya bayan ɗaya: tayoyi sun shige, inji ya sassauta, fukafukai sun yi ƙararsu, ƙararrawa ta buga. Hannuna ya ɗan yi gumi, ba zan ɓoye ba. Da lissafin ya cika sai na ɗora shi a kunne na danna maɓallin. Ma'aikaciya ce ta taɓa kafaɗata ta ce in miƙar da kujera, za mu sauka.