Sarƙa uku: ta allura, ta keke da ta kwarashi

Hajiya, kin tambaya ko sarƙar da tela ke yi a wuyan kaftani ita ce wadda 'yarki ke koyo da kwarashi a unguwar Aboabo ta Ghana, kuma wacce ta fi ƙarko. Tushensu ɗaya ne: madauki cikin madauki, kowanne yana riƙe da na bayansa. Na ƙarshe shi ke tsare da sauran, in ya kuɓuce aka ja zaren, duka za su warware.

Ta allura ita ce mai son haƙuri. Ki fito da allura, ki mayar da ita cikin ramin da ta fito, ki sake fito da bakinta gaba kamar milimita 3 zuwa 4, zaren yana ƙarƙashin bakin, sannan ki ja a hankali. In kika ja da ƙarfi, madaukin zai tsuke ya zama layi, yadin kuma ya tattare, musamman yadi mara kauri. In ba ki koma ramin farko ba, sarƙar za ta buɗe kamar tsani. Zaren ado mai sili 6, sili 2 ko 3 sun isa a shadda. Inda zane ya yi kwana ki gajarta ɗinkin, in ba haka ba madaukan za su kwanta gefe. Na ƙarshe ki danne shi da ɗan ɗinki guda, ki ƙulla ta baya.

Ta keke iri-iri ce. Mai zare ɗaya ba ta da kwarkwaro, wani ƙugiya ne a ƙasa ke kama zaren. Ita ce a bakin buhun shinkafa a kasuwar Kejetia ta Kumasi, wadda ake zarewa da ja ɗaya, kuma James Gibbs ya yi rajistar irin wannan keke a Amurka a 1857. Kada a yarda a haɗa riga da ita. Keken ado na Cornely, wanda aka fara ƙerawa a Faransa, shi ma zare ɗaya ne, amma sarƙarsa a saman yadi take fitowa, tela yana juya hannun da ke ƙarƙashin tebur don bin zane. Mai zare biyu kuwa, wadda ake gani a ƙafar wandon jins, tana miƙewa ba ta tsinke ba, sai dai tana cin zare fiye da ɗinkin keke na yau da kullum.

Ta kwarashi babu yadi a ƙarƙashinta, ita ce harsashin saƙar. Madaukin da ke kan kwarashi ba a ƙirga shi, nan masu koyo suka fi ɓata lissafi. In sarƙar ta yi tsauri, gindin saƙar zai lanƙwashe kamar baka. Maganinsa 'yarki ta yi sarƙar da kwarashi mai milimita 4.5, sauran aikin da mai 4. In hula ce, ta duba kada sarƙar ta murɗe kafin ta haɗa bakinta.

Ga wuyan kaftanin da zai sha wanki, ta allura mai gajeren ɗinki na fi amincewa da ita, domin gajeren madauki ba ya saurin maƙalewa a sarƙar wuya ko ɗankunne. Ta Cornely ma tana da kyau, ta kuma fi sauri nesa ba kusa ba, in Sallah ta matso. Ranar karɓar ɗinki dai ki juya rigar, ki duba ko an ƙulle ƙarshen kowane layi ta baya.