Wajen da muka kai yarona awon otizim a Kano: awon ya ci kuɗinsa, sauran kuma sai a hankali

Ba zan kama sunan wajen ba, dan akwai maganganun da zan faɗa waɗanda ba lallai su yi musu daɗi ba, kuma ni ba talla nake musu ba ba kuma kasuwa nazo ɓata musu ba. Ƙaramin asibitin kuɗi ne a nan cikin Kano, gida ne ma aka gyara aka mayar, likitar yara ɗaya ce babba sai masu koya wa yara magana da 'yan ma'aikata, aikinsu duba yaran da suka makara wajen magana ko tafiya da waɗanda ake zargin suna da otizim, wanda wasu ke cewa galahanga. Shi awon dai zan iya tura 'yar uwata ta jini taje tayi. Abinda suke ɗora miki bayan awon ne nake da ja a kai.

Yarona ya haura shekara uku lokacin da muka je. Da yana shekara ɗaya da rabi yana cewa baba, yana cewa ruwa, sai kawai kalmomin suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Ki kira sunansa har muryarki ta dushe ko waigowa bazai yi ba, amma ki taɓa ledar biskit a kicin yana ɗaki sai gashi a guje. In yana son abu hannuna yake ja ya ɗora akan firij ba tare da ya kalli fuskata ba, ga jera murafun lemo a layi wanda in wani ya gusar da ɗaya ranar babu zaman lafiya, ga tafiya da ɗage, in kuwa maƙota suka tada injin markaɗe toshe kunne yake ya dinga ihu. A gida kowa da nasa fatawar, nauyin baki ne, ai babansa ma sai da ya shekara huɗu, a kai shi wajen wanzami a duba linzami, a yi ruƙiya ko shafar aljanu ce. Mun yi addu'a kuma har gobe muna yi, ban raina ta ba. Sai da malamar makarantar rainonsu tace gaskiya bazasu iya riƙe shi ba sannan Abbansu ya yarda a ga likita.

Samun ganin likitar shine wahala ta farko. Ana kira a waya a sa suna, amma ita tana aiki a asibitin gwamnati, nan ɗin da yamma take zuwa kuma ba kullum ba, dan haka sai da muka jira makonni. Kuɗin awon kaɗai ya ɗara mafi ƙarancin albashin nan na naira dubu 70 da aka sa a 2024, kuma sai kin tura kin nuna alat kafin a tabbatar miki da rana. Abinda ya burgeni tun a waya, yarinyar dake ɗaukar suna ta tambayeni wane lokaci ne yaron yafi nutsuwa da kuma abinda yafi tsorata shi. Da muka je ba'a bar mu a falon jira cikin mutane ba, wani ɗan ɗaki aka kaimu mai kafet da ƙofa a rufe, kuma sola suke amfani da ita babu rurin janareta. Wadda bata taɓa riƙe irin yaran nan a layin asibiti ba, yana birgima a ƙasa mata na kallonki ana cewa baiwar Allah ki tsawata masa mana, bazata gane darajar ɗan ɗakin nan ba.

Kafin komai likitar tace sai an yi gwajin kunne, dan yaron da baya ji sosai shima baya amsa suna kuma baya magana, dole a cire wannan tukunna. Magana ce mai hankali, matsalar ita ce su basu da na'urar, waje suke tura ki, kuɗi daban rana daban, kuma ba wanda ya gaya mana haka lokacin da muke biya. Wadda zata je ta fara yin na kunnen ta tafi da takardar a hannu. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano na da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, a Kaduna kuma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa. Namu dai ya fito lafiya lau yake ji.

Ranar awon mun fi awa biyu a ciki kuma ban ga ta kalli agogo ba. Ta fara da ni, tambayoyi tun daga goyon ciki, ya haihuwar ta kasance, yayi kuka da aka haife shi ko sai da aka taimaka masa, yayi shawara yana jariri, ya taɓa jijjiga ko sanƙarau, yaushe ya zauna yaushe yayi tafiya, auren zumunci ne tsakanina da babansa, akwai wani a dangi da ya makara a magana ko yake da wata ɗabi'a ta daban. Nan fa aka ɗan yi shiru, dan akwai wani kawun Abbansu da duk dangi suka sani baya shiga mutane tun yana yaro. Bayan nan ta cire takalmi ta zauna a ƙasa da yaron. Ta hura kumfar sabulu ta tsaya tana jira ta ga ko zai kalle ta ya nemi ƙari, shi kuwa robar ya fizge. Ta nuna wani abu a bango da yatsa tace kalli, bai bi yatsan ba. Ta ba shi 'yar tsana da cokali ko zai yi wasan ba ta abinci, ya jefar, ta ba shi mota ya kifa ta ya dinga juya tayar yana kallo ta gefen ido. Tana yi tana rubutu.

Abbansu fa ransa ya fara ɓaci, yace likita wai yanzu wasan nan muka biya wa kuɗi, ba za'a yi masa hoton ƙwaƙwalwa ba ko a ɗibi jini? Bata ji haushi ba, tace Alhaji babu gwajin jini ko hoton da ke nuna otizim a duk duniya, da tarihi da kallon ɗabi'a ake gane shi. Tace abu biyu take dubawa, yadda yake mu'amala da mutane, wato kallon ido da nuni da amsa suna da magana, sai kuma maimaita abu ɗaya da nacewa akan tsari ɗaya da yadda ƙara ko taɓi ke damunsa fiye da kima. Awon wutar ƙwaƙwalwa kuma sai in ana zargin farfaɗiya, wadda takan zo tare da otizim a wasu yaran, shi kuma bata ga alama ba dan haka bazata sa mu kashe kuɗi a banza ba. Ni daga nan na yarda da ita, dan da ta rubuta mana hoton da gudu zamu je mu biya har muna godiya. Ta kuma yi min maganar wasu tambayoyi 20 da ake kira M-CHAT na yara 'yan wata 16 zuwa 30, kyauta suke a intanet, namu ya wuce shekarun amma tace in lura da ƙaninsa, sai dai su tantancewar farko kawai suke, basa yanke hukunci.

Da ta gama tace otizim ne, mataki na biyu. Tun 2013 likitocin Amurka suka haɗe nau'o'insa a suna ɗaya suka raba mataki uku gwargwadon taimakon da mutum yake buƙata, na ɗaya kaɗan, na uku mai yawa ƙwarai. Nayi kuka ta miƙo min tishu ta barni, bata ce min in yi haƙuri in daina ba. Hajiya surukata da ta biyo mu ita ta jefo tambayar da ake ta raɗa a gida, tace 'yar nan ba allurar rigakafin nan bace kuwa, dan bayan ta ne yaron ya daina magana. Likitar ta juya wajenta da Hausa tsantsa tace Hajiya wani likita ne a Ingila ya fito da wannan zancen a 1998, daga baya aka gano akwai maguɗi a aikin, mujallar da ta buga aikin ta janye shi a 2010 shi kuma aka ƙwace masa lasisi, kuma an bi yara masu ɗimbin yawa ba'a ga alaƙa ba. Tace lokaci ne kawai ke haɗuwa, allurar ƙyanda ta biyu ana yinta wajen wata 15, alamomin otizim kuma tsakanin shekara ɗaya da biyu suka fi bayyana. Tace gado ne yafi ƙarfi a ciki, ba laifin uwa bane ba rashin tarbiyya bane, yafi yawa a maza kusan ninki huɗu, a Amurka ma inda suke ƙirga sosai lissafin da suka fitar a 2025 yaro 1 ne cikin 31. Sannan tace babu maganin da ke warkar da shi, koyarwa ce da haƙuri, kuma fara ta da wuri na taimakawa. Wallahi wannan bayanin da aka yi a gaban Hajiya ya sauƙaƙa min zaman gida fiye da komai, daga ranar ba wanda ya sake ce min ni na sangarta shi.

To yanzu ga inda suka gaza. Takardar sakamakon ta daɗe bata fito ba sai da nayi ta bibiya, da ta fito kuma turanci ne mai nauyi shafi shafi, ni da nayi digiri sai da na dinga duba ma'anar kalmomi, ina ga uwar da ta tsaya a firamare? Ko rabin shafi na Hausa babu. A wani waje ma an rubuta yaron a matsayin mace, alamar ta wata yarinya aka kwafo aka canza suna, na mayar aka gyara aka bani haƙuri. Duk da haka takardar tayi amfani, da ita muka samu makarantar da ta karɓe shi ta sa masa malama a kusa.

Sai maganar koyon magana. Wata wata ake biya kuma gaba ɗaya tun farko, in yaro yayi zazzaɓi kin rasa rana ta tafi kenan ba'a rama miki. Wadda aka fara haɗa mu da ita mai kirki ce tana son yara, amma bata jin Hausa ko kaɗan, yaron da a gida zo da zauna da kawo yake ji, ita kuma da turanci take ba shi umarni sannan ta rubuta cewa baya bin umarni. Har cewa tayi mu daina masa Hausa a gida wai harshe biyu na rikita shi. Na kai maganar wajen likitar tace a'a, babu hujjar haka, ku yi masa yaren da kuka fi sakewa da shi, toh amma ai ma'aikaciyarta ce ke faɗa wa iyaye wannan a ƙarƙashin rufinta. Kuma da farko basa barin uwa ta shiga, a waje ake ajiye ki minti 45 a miƙo miki yaro ace yau yayi ƙoƙari. Ƙoƙarin me? Ni ce fa nake tare da shi sauran awannin duka, in ban ga abinda ake yi ba da me zan ci gaba a gida.

Abinda yafi ɓata min rai kuwa shine teburin karɓar baƙi, akwai kanta a gefe cike da robobin ƙarin sinadarai masu tsada, kina fitowa da jan ido za'a fara miki bayani wannan na buɗe baki ne, wannan na kwantar da hankali, a cire masa alkama da madara, a nemo nonon raƙumi. Likitar bata rubuta mana ko ɗaya ba. Yarona abinci kala uku kacal yake yarda ya ci kuma biyu daga ciki taliya ce da biredi, in na cire alkama me zai ci? Da na tambayeta tace babu tabbacin hana alkama na gyara otizim, kar a taɓa abincin yaro mai zaɓe irin haka sai da dalili. Ko maganin nan risperidone da wata maƙociya ta ce in roƙa, likitar tace na masu tsananin fushi da cutar da kai ne, yana sa ƙiba da barci, shi baya buƙata. Bakinta daban bakin kantar daban, uwar da hankalinta ya tashi kuma duk abinda aka miƙo mata saya zata yi.

Mu dai abinda muka yi, mun rage zuwa, mun nace aka canza mana mai jin Hausa, kuma nace ko in zauna a ciki ko mu daina. A zaman nan na koyi sa biskit a robar da bazai iya buɗewa ba in durƙusa daidai fuskarsa in jira ya nema, da liƙa hotunan kofi da banɗaki da takalmi a bango. Yanzu yana nuni da yatsa, yana cewa ba ni, wani lokacin in na kira ya juyo wani lokacin ko a jikinsa. Injin markaɗe har yau abokin gaba ne.

Wadda bata da halin asibitin kuɗi kar ta zauna, likitocin yara da na ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa suna wannan awon, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, kuɗin yafi sauƙi sai dai a shirya wa layi. Duk inda zaki ki ɗauki bidiyonsa a waya yana abubuwan da yake yi a gida dan a gaban likita ba lallai yayi ba, ki tafi da katin rigakafinsa da abincin da yake ci, kuma ki ja babansa ko kakarsa su ji da kunnensu.

Abu ɗaya da ya rage, get ɗin wajen a buɗe yake wuni kuma bakin titi ne da 'yan adaidaita ke wucewa a guje, a wajen da rabin yaran da ake kawowa in suka zare hannu gudu suke basa waige. Nayi wa maigadi magana nayi wa ta kan tebur, har zuwanmu na ƙarshe a buɗe na same shi, dan haka ki riƙe hannun ɗanki tun kafin ki sauko daga mota.