English Vinglish: sau biyu na kalle shi a sati ɗaya

Ƙanwata ce ta dame ni, Yaya don Allah ki kalla, wallahi kamar ke aka ɗauka. Ni dama tun ina yarinya nake son Sridevi, to ban ja rai ba, daren Laraba da yara suka yi barci na kunna a waya. Fim ɗin 2012 ne, na farko da Gauri Shinde ta ba da umarni, kuma da shi Sridevi ta dawo bayan kusan shekara 15 ba ta ja fim ba. Allah sarki, a 2018 ta mutu a Dubai.

Sridevi ta fito a matsayin Shashi, matar aure ce a garin Pune na Indiya, tana yin laddu, wani kayan zaƙi nasu, a gida tana sayarwa, kamar dai yadda nake cincin da dubulan na biki. Mijinta Satish ba mugu ba ne, ba duka ba zagi, amma shi da 'yarsu sun mayar da ita abin dariya saboda ba ta iya Turanci ba, sana'ar tata ma kallon wasan yara yake mata. Wannan rainin na cikin raha shi ya fi ci min rai, don na san shi, a faɗa maka magana ana murmushi kai kuma ka kwana da ita a ƙirji.

Sai bikin 'yar yayarta ya taso a New York, ta riga su tafiya ita kaɗai. A jirgi ta zauna kusa da Amitabh Bachchan, 'yan mintoci ne kawai amma na yi dariya har sai da na toshe baki kar na tashi yara. Can kuma a wani shagon shayi ta kasa faɗin abin da take so, mai sayarwa tana ta yi mata tsawa, layi ya taru a bayanta, ta fice da gudu tana kuka, nan kam ajiye wayar na yi. Na tuna ranar da na je taron iyaye a makarantar ɗana aka miƙo min fom, na riƙe biro hannuna na rawa.

Da kuɗin laddunta ta biya ajin koyon Turanci na sati 4 a ɓoye, kuma ajin nan shi ne gishirin fim ɗin. Direban tasi ɗan Pakistan, mai raino 'yar Meziko, mai gyaran gashi 'yar Chaina, kuku ɗan Faransa, kowa na karya Turanci yadda ya samu ba mai yi wa wani dariyar mugunta. Ranar da malamin ya ce mata ai ita entrepreneur ce, wato 'yar kasuwa mai jarin kanta, ku dubi fuskarta kawai, tana tafe a titi tana ta maimaita kalmar.

Abin da bai min ba, an ja zancen ɗan Faransan nan da ya kamu da sonta da yawa, ko da yake ta riƙe mutuncin aurenta har ƙarshe. Mijin ma nadamarsa ta zo da sauri, rainin shekara da shekaru ba jawabi ɗaya a wajen biki ke wanke shi ba, na so a nuna min zamansu bayan sun koma gida.

Amma jawabin kansa da Shashi ta yi da Turanci a wajen bikin, yadda ta miƙe bayan mijin ya so ya kare ta da cewa ba ta iya ba, tana magana a hankali tana tuntuɓe tana ci gaba, sau uku na mayar da shi baya. Shekarata 46. Ran Asabar na sake kalla tare da babbar 'yata, ba ta ce komai ba har ya ƙare, da safe ta zo ta taya ni murza cincin.