Sojan ECOMOG ko sojan Borno, wanne ya fi dacewa da labarinki?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata da ta yi tambaya jiya da daddare, na ga saƙonki, kin ce kina so ki rubuta littafin matasa a kan soja da ya dawo daga yaƙi yana fama da komawa rayuwar gida, amma kin rasa wanda zaki ɗauka tsakanin wanda ya je Laberiya da Saliyo zamanin ECOMOG da kuma wanda ya dawo daga Borno. Allah ya yi miki albarka da kika tuna da mutanen nan, don wallahi muna tare dasu a garin nan na Jos kullum, a masallaci, a kasuwa, a cikin keke, amma ba mai tambayarsu me suka gano.

Bari in fara da na ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. A watan Agusta 1990 rundunar ta sauka Monrobiya babban birnin Laberiya kuma sojojin Najeriya ne suka fi yawa a ciki, har ɗan jihar nan Janar Joshua Dogonyaro na Langtang ya riƙe ta a farko-farkon lamarin. Daga baya aka tsallaka Saliyo, suka maida shugaban ƙasar Tejan Kabbah kan mulki a Maris 1998, sannan a Janairu 1999 'yan tawayen RUF suka afka Firitawun babban birnin Saliyo aka yi ɓarin jini mai yawa, ana yanke wa mutane hannu, yara ƙanana na riƙe da bindiga. Barikin Rukuba ma da muke wucewa sunan Maxwell Khobe yake ɗauke dashi, hafsan sojan Najeriya wanda a Saliyon ya yi suna. Kinga ashe labarin bai yi mana nisa ba.

Abinda yake da daɗin rubutawa a nan shine nisa da shiru. GSM bata shigo ƙasar nan ba sai 2001, to matar soja sai dai wasiƙa in an samu mai zuwa, ko ta kasa kunne a rediyo ta ji an ce an yi artabu a wani gari da bata iya faɗin sunansa ba, bata san ko mijinta na ciki ba. Yaron da aka bari a goye sai uban ya dawo ya tarar yana gudu, yaron kuma ya ɓuya bayan uwarsa don bai san wannan baƙon ba. In kika dawo da sojan nan Jos a 2000, sai rikicin Satumba 2001 ya same shi a ƙofar gidansa, mutumin da ya ɗauka ya baro hayaƙi da gawa a ƙetaren teku, wannan kaɗai littafi ne guda. Matsalar ita ce mai karatunki ɗan shekara 16 ko 17 ba'a ma haife shi ba lokacin, sojan yanzu sa'an kakansa ne, dole ki yi ta bayani kafin ya shiga labarin, kuma ke kanki sai kin zauna da dattawan da suka je don komai na zamanin daban yake, daga kuɗi har zuwa yadda ake zance.

Na Borno kuwa ba sai kin yi wa kowa bayani ba. Tun 2009 ake abu ɗaya da Boko Haram, a Mayu 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, a shekarar aka kafa runduna ta 7 a Maiduguri, aka yi aikin sojan da ake kira Lafiya Dole daga 2015 aka koma Haɗin Kai a 2021. Yaranmu sun taso suna jin Sambisa da Baga da Gwoza kamar sunan unguwanni, kuma 'yan Jos basu manta bom ɗin kasuwar Taminus na Mayu 2014 ba. Sannan ga shekaru, kurtu ana ɗaukarsa yana tsakanin 18 zuwa 22, ya yi horo a Defo Zariya a tura shi, kenan sojanki zai iya dawowa yana 24, yayan mai karatu ne, wanda suka buga ƙwallo tare, budurwarsa ma ƙila bata gama makaranta ba. Don littafin matasa wannan ba ƙaramin abu bane.

Amma nauyinsa ya fi, kuma a nan nake so ki tsaya ki yi tunani sosai. Sojan ECOMOG ya yi faɗa a ƙasar wasu, ya hau jirgi ya dawo, ƙasar ta zauna a can. Wannan kuwa a ƙasarsa ya yi, waɗanda ya fuskanta da yawansu suna jin yaren da yake ji, wasu yara ne da aka sace aka ɗora musu bindiga, ƙauyen da aka ƙona ya yi kama da ƙauyen kakarsa. Sannan yaƙin na biyo shi cikin aljihu, yana zaune a tsakar gida Umma ta ajiye masa tuwo sai waya ta yi ƙara, group ɗin abokan aikinsa ne a WhatsApp, an turo hoton wanda suke kwana rami ɗaya an ce ya rasu, to ki gaya mun ya zai ci tuwon nan. Shi yaƙinsa bai ƙare ba ma tukuna, ko fas aka bashi na 'yan kwanaki zai koma, ko kuma rauni ya samu ya yi jinya a asibitin sojoji na 44 a Kaduna ya dawo da sanda yana jin kamar ya gudu ya bar 'yan uwansa. Ki kuma sani akwai matan da suka rasa mazaje da marayu a bariki da zasu iya karanta abinda kika rubuta, ciwon ɗanye ne, kar ki maida shi fim na harbe-harbe.

Inda suka haɗu su biyun shine abinda ke faruwa da dare. Rashin barci, mugun mafarki, zabura in yara sun fasa banga a Disamba, ƙin shiga cunkoso, zama kullum bayansa na jikin bango yana kallon ƙofa, fushi a kan abu ɗan kaɗan sannan ya zo yana nadama shi kaɗai. Likitoci PTSD suke ce masa kuma ana samun sauƙi in an je asibiti an samu mai saurare. A gida kuwa sai a ce gamo ya yi a daji, a kira malam ya yi ruƙiyya ko a kai shi addu'a coci, kuma dan Allah kar ki rubuta iyayen nan kamar jahilai, son ɗansu ne yasa, ki bar addu'a da asibiti su tafi tare. Wasu kuma tiramol ko giyar mami maket (kasuwar bariki) suke fakewa da ita don an koya musu soja baya kuka. Ba kowane soja ne ke dawowa a haka ba, da yawa lafiya lau suke riƙe gidajensu, saboda haka kar ki maida shi mahaukaci ko dodo, mutum ne da ya ga abinda ya fi ƙarfin zuciya.

Ni dai in shawarata zaki bi, ɗauki na Borno, amma ki bada labarin ta bakin ƙanwarsa mai shirin rubuta WAEC, wadda ɗakinta ke jikin nasa tana jin duk abinda yake yi da dare tana kuma ɓoye wa Umma. Shi kuma na ECOMOG kar ki yar dashi, ki sa shi dattijo mai gadin wata makaranta ko mai shago a bakin layi, shine mutum ɗaya a unguwar da zai kalli yaron nan ya gane ba tare da an ce masa komai ba.

In kin samu wanda ya yarda ya zauna dake cikin sojojin, ki je da wani babba na gida, kuma kar ki tambaye shi ko ya taɓa kashe mutum. Tambaye shi me suke ci, ina suke samun ruwa, ya suke sallah, wa ya fara kira ranar da ya samu sabis. In ya yi shiru ki ƙyale shi, kar ki matsa. Ki canza suna da gari da komai da zai sa a gane shi. In kin gama babi na farko ki turo mana nan mu karanta, Allah ya taimaka.